Makonni takwas a ajin shaɗaranji na wani malami a Jidda

Kunya ce ta kai ni wannan aji. Na shafe shekaru ina buga shaɗaranji, wato chess, da abokan aiki a nan Jidda, ina ɗaukar kaina cikin waɗanda suka iya, har ranar da ɗana mai shekara 12, wanda bai fi wata uku da koyon tafiyar 'ya'yan wasan a wayar mahaifiyarsa ba, ya kashe mini sarki sau biyu a zama ɗaya, tun shayin da aka zuba mini bai huce ba. Da na ba wani maƙwabcinmu labari, sai ya yi dariya ya ce akwai wani malami, Bahaushen Sudan, da ke koyar da wasan a wani ɗaki da ke saman shagon kayan miya a kudancin gari, ba nisa da unguwannin da 'yan'uwanmu suka fi yawa, kuma darasin da zai fara a watan yana kan abu guda ne tak: yadda ake hukunta wanda ya yi jinkirin fito da 'ya'yansa a farkon wasa. Na biya wa kaina riyal 300, na biya wa yaron riyal 200, muka yi makonni takwas muna zuwa duk Juma'a da Asabar bayan la'asar. Abin da ke tafe shi ne ra'ayina kan abin da kuɗin ya saya.

Malamin bai kai ni shekaru ba, don haka Alhaji yake ce mini, ni kuma na ce masa Ustaz kamar yadda yara ke faɗa. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma har yanzu Hausarsa tana ɗauke da ƙamshin ta Sakkwato, gauraye da Larabcin Sudan. Wannan gaurayen ya yi wa ajin amfani ƙwarai, domin yawancin yaran haifaffun nan ne, harshensu ya fi sakewa da Larabci, alhali mu iyaye mun fi ganewa da Hausa. Yakan faɗi magana da wannan harshe ya maimaita ta da wancan ba tare da ya gaji ba. Tun ranar farko ya daidaita mana sunaye: sarki, waziri, giwa, doki da soja, kamar yadda Larabawa ke kiransu, sai wanda suke ce wa ƙal'a ko rukh, wanda muka amince mu riƙa ce masa ganuwa. Ya kuma gyara mini wani kuskure, domin na ce masa a gida darar Turawa ake kiran wasan, sai ya ce daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa ya shigo hannun Larabawa, kuma a Bagadaza ta ƙarni na 10 sunan As-Suli ya riga ya zama abin buga misali wajen gwaninta a kansa.

A zama na farko bai koyar da kome ba. Ya haɗa mu bibbiyu, ya ce kowa ya yi taku goma ya tsaya, sannan ya bi allo-allo yana yin tambaya guda: "'Ya'yanka nawa ne suka fita gona, nawa ne suke barci?" Da ya iso kaina sai ya tarar na tura sojan gefen dama taku ɗaya, na tura na gefen hagu taku ɗaya, duk don tsoron kada giwar abokin wasa ta matso, na fitar da waziri tun taku na huɗu an kore shi sau biyu, doki guda kaɗai ne ya bar gidansa, sarki kuma yana nan a tsakiya inda aka ajiye shi. Ya duba allon ya ce, "Alhaji, an ba ka taku goma ka kashe bakwai a banza, ga shi kana mamakin yadda yaro ke cinye ka." Ban ji daɗin maganar ba a gaban yara, amma ban sami abin musantawa ba.

A nan ƙarfin koyarwarsa yake, kuma a nan nake ganin kuɗina ya biya. Ya mayar da farkon wasa lissafi, abin da kowa zai iya ƙirgawa da yatsa. Kowane taku dukiya ne, a cewarsa, kuma wanda ya motsa ɗa guda sau biyu ba da dalili ba, ko ya fitar da waziri inda ƙananan 'ya'ya za su riƙa korarsa suna fitowa a kan hanyarsu, ko ya bi soja ɗaya da kwaɗayi har ya bar gidansa a buɗe, to ya ba abokin karawarsa rance. Ya kawo tsohuwar ƙa'idar nan da masana wasan suka daɗe suna maimaitawa, cewa soja ɗaya daidai yake da kusan taku uku na fitar da 'ya'ya. Sannan ya yi mana kwatancen da ya shiga kaina fiye da duk sauran, domin ya ce mu tuna darar gida: kafin a fara ci sai an gama kasa 'ya'ya a gurabensu, kuma duk dattijon da ya iya dara ya san tun wurin kasawa ake cin wasa ko a faɗi. Bambancin, in ji shi, shi ne a dara dole ce ke sa kowa ya kasa nasa duka, a shaɗaranji kuwa ba mai tilasta maka, kana iya barin rabin rundunarka a ɗaka har a kashe maka sarki.

Abin da ya fi jaddadawa shi ne cewa wannan rance ba ya daɗewa. Wanda ya ci maka soja, sojan ya tafi ke nan, amma wanda ya riga ka fitowa da taku uku, idan ya tsaya yana gyara zama, kai ma za ka fito, bambancin ya narke kamar ƙanƙara a ranar Jidda. Ya jingina wannan ga Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko a hukumance tun 1886, wanda ya koyar da cewa mai rinjaye wajibi ne ya kai hari, in ba haka ba rinjayen ya kuɓuce masa. Saboda haka da zarar ka ƙirga ka ga naka huɗu ne a waje nasa ɗaya ko biyu, kuma sarkinsa bai yi tabyit ba, wato bai shige lungu a bayan ganuwarsa ba, to lokacin fasa tsakiyar allo ya yi, ko da za a yi asarar soja, domin layukan da suka buɗe mai yawan 'ya'ya a waje suke yi wa aiki. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, haka yake faɗa kusan kowane zama, har yara suka fara riga shi ƙarasawa.

Zama uku cur ya ba wasa guda, kuma da farko na ga kamar ɓata lokaci ne. Wasan shi ne wanda Paul Morphy, saurayi ɗan shekara 21 daga New Orleans ta Amurka, ya buga a gidan wasan waƙe na birnin Faris a 1858, yana riƙe da farare, yana fuskantar masu sarauta biyu da suka haɗa kai suna shawara, wato Karl na Brunswick da Isouard. Taku 17 ne kacal. Ustaz yana da allon bango mai maganaɗisu, yana yin taku ɗaya ya juyo ya tambaye mu abin da za mu yi da mu ne, kuma ba ya ci gaba sai kowa ya faɗi nasa da dalilinsa.

Masu baƙaƙe sun fitar da giwarsu zuwa g4 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa) tun taku na uku, a taku na huɗu suka ba da ita a madadin dokin f3, wato ɗan da ya fita gona shi kaɗai ya koma akwati, wazirin Morphy kuma ya fito a kyauta wajen ramawa. A taku na shida giwar farare ta sauka a c4 tana barazanar kisa a f7, a na bakwai waziri ya koma b3 yana duban f7 da b7 a lokaci guda. Masu baƙaƙe suka kare da wazirinsu a e7, wanda ya toshe wa giwarsu ta f8 hanya. A nan Ustaz ya tsaya, ya ce wa zai ci sojan b7? Kusan dukanmu muka ɗaga hannu, har da ni. Sai ya nuna mana cewa idan aka ci, wazirin baƙaƙe zai zo b4 da kish, wato barazana kai tsaye ga sarki, a yi musayar wazirai, a tashi da ribar soja guda amma harin ya mutu. Morphy bai ci ba, doki ya fitar zuwa c3, a taku na tara kuma ya kai giwa ta biyu g5 ta ɗaure dokin f6. Aka ƙirga: huɗu a waje, duk suna aiki, a kan biyu waɗanda ɗaya a ɗaure yake, ɗaya kuma ya tare wa ɗan'uwansa ƙofa.

Daga nan ne abin ya zama kallo. Baƙaƙe sun tura soja b5 don su kori giwa, Morphy ya ba da doki a kan sojan, aka ci dokin, giwa ta ci soja na biyu da kish, dokin baƙaƙe ya tare a d7. A taku na 12 ya yi dogon tabyit, wanda ya ɓoye sarkinsa kuma ya ɗora ganuwa a kan layin d a taku guda. Ya ba da wannan ganuwar a d7, ya kawo ta biyun d1, wato ɗansa na ƙarshe da ya rage a gida. A taku na 16 ya kai waziri b8 da kish, inda babu abin da ya rage wa baƙaƙe sai su ci shi da doki, dokin ya kauce daga d7, ganuwa ta sauka d8, giwar g5 na tsaron bayanta, wasa ya ƙare. Ustaz ya bar allon haka na ɗan lokaci, sannan ya ciro giwar f8 da ganuwar h8 na baƙaƙe, ya ɗaga su sama ya ce waɗannan biyun ba su motsa ko sau ɗaya ba tun da aka fara. Morphy ya ƙare da ganuwa ɗaya da giwa ɗaya, abokan karawarsa suna da waziri da doki da giwa da ganuwa, amma nasa biyun suna wurin da ake buƙatarsu. Wani yaro ɗan shekara tara da ke kusa da ni ya ce a sake, aka sake, kuma zuwa zama na uku kowa a ɗakin yana iya jera wasan da ka. Yanzu na gane dalilin nacin, domin tun daga lokacin duk sanda hannuna ya nufi wani soja na banza sai b7 ta faɗo mini a rai.

Sauran misalan ya wuce su da sauri: wasan gwanaye biyu, Réti da Tartakower, na birnin Biyana a 1910, inda aka ba da waziri a d8 aka yi kisa a taku na 11 saboda sarki ya makara a tsakiya, da kuma wasan da Kasparov na Rasha ya doke Anand na Indiya a Riga a 1995 cikin taku 25 da tsohuwar buɗewar Evans, wato wani salon fara wasa, wadda ake ba da soja a b4 don a sayi lokaci. Wannan na biyun ya kawo shi ne don amsa wani uba da ya ce irin waɗannan dabaru sun mutu tare da mutanen da.

Bayan sallar magariba ake yin aikin hannu, kuma tsarin yana da kyau. Yana jera mana matsayi guda a duk allunan, mafi yawa buɗewar nan da ake dangantawa da Denmak, inda fari ke barin baƙi ya ci sojoji uku a jere, a d4 da c3 da b2, ya rama ɗaya, ya tashi da giwaye biyu a c4 da b2 suna hangen gidan sarkin baƙi alhali baƙin bai fitar da kowa ba. Kowa zai buga da farare sau ɗaya, da baƙaƙe sau ɗaya, sannan a tattauna. A nan na ga yaran da ke tsoron rasa ko soja guda sun sake jiki, na kuma ga dattawa irina sun koyi cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne a kan allo ma.

To amma a wannan wurin ne kuma na fara ganin giɓin darasin. Makonni biyar muna buga wannan matsayi, masu farare suna ta cin nasara, Ustaz yana yaba musu, bai taɓa nuna yadda baƙi zai tsira ba. Sai da na koma gida na sa matsayin a Lichess, shafin wasan na intanet, na bar injin Stockfish mai nazarin wasa ya duba, na ga amsar ba ta da wuya: baƙi ya mayar da soja ɗaya nan take ta hanyar tura d5, ya buɗe wa 'ya'yansa hanya, kuma a layin da aka fi sani ana musayar wazirai a tashi kusan kunnen doki. Da na kawo masa wannan, ya ce ya sani, ya ajiye shi ne sai gaba, don kada ya kashe wa yara gwiwa tun ba su ɗanɗana daɗin hari ba. Ina ganin hujjarsa, amma ban gamsu ba, domin wanda aka koya wa cewa duk sadaukarwa tana biya an ba shi rabin gaskiya ne, kuma yaro ba ya sanin rabi aka ba shi sai ya fita waje.

Ɗana ya fita wajen, kuma a gabana abin ya faru. A mako na shida Ustaz ya koyar da tarkon Légal, gwanin Faransa na ƙarni na 18, inda fari ke barin wazirinsa a bakin giwa, ya ci sojan e5 da doki, idan baƙi ya yi kwaɗayi ya ci wazirin sai giwa ta ci f7 da kish, sarki ya matsa e7, doki na biyu ya sauka d5 ya kashe. Yara suka haukace da murna, suka sa wa abin suna sadaka. A daren Asabar ɗin muka tsaya cin tsire, wanda mutanen nan ke kira siriye, kusa da wata gahawa da wasu dattawa ke buga shaɗaranji, yaron ya roƙi wani tsoho Bamisire su buga. Tsohon ya fitar da doki c6, ya tura d6, ya kawo giwa g4, ɗana ya dube ni yana murmushi ya ce, "Baba, duba," ya ci e5 da doki. Tsohon ko kallon wazirin bai yi ba. Ya sa dokinsa na c6 ya ci dokin yaron, kuma daga e5 dokin nan yana tsaron giwar g4, saboda haka babu abin ramawa. An ba da doki an karɓi soja, dara ta ci gida. A misalin da aka nuna a aji babu doki a c6, kuma ba wanda ya ce wa yaran wannan ne sharaɗin. Idan dokin yana nan, dole sai an fara tura h3, giwar ta ja baya zuwa h5, sannan dabarar ta yi aiki, domin a lokacin idan doki ya ci doki waziri zai ci giwar a h5, kuma ko an ci giwar c4 yana da kish a b5 da zai dawo da ita, a tashi da ribar soja. Taku ɗaya ne tsakanin gwaninta da wauta, kuma aikin malami ne ya nuna shi.

Don a yi masa adalci, da na ba shi labarin a zama na gaba bai kare kansa ba. Ya jera matsayin a allon bango, ya ce kuskurensa ne, ya sa ɗana ya nuna wa sauran abin da ya same shi, sannan ya shafe rabin zaman yana bambance harin da lissafi ya halatta da harin da zuciya kawai ta so. Ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohon nan bai yi jinkiri ba, 'ya'yansa biyu ne a waje a taku huɗu, don haka babu laifin da za a hukunta shi a kai. Wannan zaman, a ganina, shi ne mafi amfani cikin goma sha shidan, kuma abin takaici ne a ce sai da tsautsayi ya faru aka yi shi.

Game da wurin kansa, kada mai zuwa ya sa ran wani abin a zo a gani. Ɗaki ɗaya ne, ɗalibai 14, na'urar sanyaya ɗaki guda wadda ba ta iya wa gumin Jidda idan an cika, kuma ƙamshin kayan yaji na shagon ƙasa yana hawowa ta matakala. Allunan na leda ne masu naɗewa, 'ya'yan na roba, ɗaya daga cikin jerin ma murfin kwalba ne ke tsaye a madadin sojan da ya ɓata. Agogon wasa biyu ne kawai ga alluna bakwai, wanda ke nufin yawancin yaran sun gama darasin ba su saba da buga wasa a ƙarƙashin lokaci ba, alhali duk gasar da za su shiga da agogo ake yin ta. Ba a ba da takardar darasi ko ɗaya, sai abin da mutum ya rubuta da hannunsa, ko da yake ya tilasta wa kowa koyon rubuta takunsa, abin da na yaba. Sau biyu ya makara da kusan rabin sa'a bai sanar ba, amma ya rama lokacin a ƙarshe. Haka kuma ba ya karɓar 'yan mata, ya ce ɗakin bai dace ba, ga shi kuwa 'yata mai shekara 10 ta haddace wasan Morphy daga bakin yayanta, ba ta da inda za ta je.

Akwai abubuwan da ya tsare waɗanda suka kwantar mini da hankali a matsayina na uba. Kowa ya san malamai sun yi saɓani kan hukuncin wannan wasa tun da daɗewa, kuma wasu iyayen sun yi ɗari-ɗari kafin su kawo 'ya'yansu. Shi dai ya kafa sharuɗɗa tun ranar farko: babu caca ko ta kwalbar lemo, babu zagi ko rantsuwa, kuma da an kira salla ana barin allo yadda yake a sauka masallaci, ko da kisa ya rage taku ɗaya. Ban ga ya sassauta wa kowa a kan wannan ba. Yanayin ƙasar ma ya canja, tun da Riyad ta karɓi gasar duniya ta wasan sauri a Disambar 2017, inda Anand na Indiya ya ci rukunin mai matsakaicin sauri, Magnus Carlsen na Nowe ya ci na walƙiya, kuma yaran ajin sun san waɗannan sunaye kamar yadda suka san 'yan ƙwallon Ittihad da Ahli.

Wanda ya riga ya san tafiyar 'ya'ya amma yake faɗuwa tun kafin taku 20 bai san dalili ba, wannan darasi nasa ne, kuma riyal 200 ko 300 ba su yi yawa ba a kan zama goma sha shida na kusan sa'a uku-uku. Wanda bai taɓa riƙe doki ba zai sha wuya, domin Ustaz ba ya komawa baya. Wanda kuma ya riga ya ƙware a kan waɗannan tsofaffin wasanni, ba zai ji sabon abu ba sai daɗin yadda ake faɗarsa da Hausa. Ni dai na daina tura sojojin gefe, ina yin tabyit kafin taku na goma, kuma tsakanina da ɗana yanzu ana raba nasara, duk da cewa nasa kason ya fi yawa.

Na sake rubuta sunan yaron a zagaye na gaba, wanda ba za a fara ba sai bayan aikin Hajji, saboda yawancin iyayen suna Makka wurin hidimar alhazai a wannan lokaci, amma na gaya wa Ustaz a fili cewa ina so rabin darasin ya kasance kan kariya da ƙarshen wasa, ya ce in sha Allahu. Dalilin wannan sharaɗi kuwa shi ne abin da ya faru a daren da muka kammala. Mun koma gahawar nan, tsohon yana nan a kujerarsa, aka sake jera allo, aka bi takun nan huɗu kamar yadda aka yi a baya. Wannan karon yaron ya tura h3 tukuna. Tsohon ya ɗaga kai ya dube shi, ya dube ni, bai ja giwar baya ba, sai ya ci dokin f3 da ita, waziri ya rama, tarko ya tashi a banza. Suka yi ta musaya har aka wuce taku 50, kowa ya rage da sarki da sojoji uku, kuma a nan ɗana ya tsaya yana kallon allo, domin a makonni takwas ba wanda ya taɓa gaya masa cewa idan wazirai da ganuwa suka bar fili, sarkin da aka koya masa ya ɓoye a lungu shi ne zai fito tsakiya ya yi aiki. Tsohon ya taka da nasa sarkin gida-gida har ya cinye sojoji biyu, ya miƙa wa yaron hannu, ya ce ya dawo Asabar mai zuwa.